Ranar da Baba Ya Rataye Jirgi

Abu na farko da Amurka ta yi wa Babana shi ne ta rage masa tsawo. A gidanmu an san ni da ƙari, amma wannan da idona na gani. A Yawuri, idan Garba Direba ya tsaya a bayan jirginsa, hannu ɗaya a kan inji, buhunan albasa sun yi tsauni a gabansa, shanu na kuka, mata na salati, sai ka rantse kansa na taɓa gajimare. Ranar da muka sauka New York kuwa, na gan shi tsaye gaban injin sayar da katin jirgin ƙasa yana jiran injin ya fara yi masa magana. Na ce a raina, shi ke nan, an sauya min uba a sararin samaniya.

Sunana Rabi, shekarata sha shida. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake ce min Mamana. Da takardun tafiya suka fito, Inna da ƙannena suka tsaya gida sai mun sami wurin zama, aka haɗa shi da ni saboda ni ce mai Turanci. Turancin nawa irin na makarantar gwamnati ne, amma Baba ya ɗauka da ni aka yi shawara kafin a ƙirƙiro yaren. Ni ce bakinsa, ni ce kunnensa. Idan Bature ya yi dogon bayani ban gane ba, sai in ce, "Baba, gaishe ka yake yi."

Zangonmu na farko unguwar Morris Heights ce, a gidan wani mutumin Kumasi, Kawu Issaka, wanda limamin wani masallaci ya haɗa mu da shi. Ya ba mu ɗaki ɗaya aka raba da labule. Hausarsa ta Zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ranar farko ya dube ni ya ce, "Kai yarinya, ka ci abinci?" Na waiga ina neman yaron da yake wa magana. Matarsa, Anti Memuna, ta cika min kwano da wake da shinkafa da wani baƙin yaji wanda ya sa na ga kakannina a jere suna ɗaga min hannu. Amma ita ce ta saya min rigar sanyi tun ban san zan buƙace ta ba, ita ce kuma ta kai ni makaranta ta tsaya a bakin ƙofa har na daina kallon baya.

Baba ya sami aikin wankin mota. Mutumin da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana ratsa kogin Kwara, yanzu ruwan da yake gani na cikin tiyo ne. Yatsunsa suka tsage. Idan ya dawo ba ya ƙorafi, sai ya zauna gefen katifa ya yi ta murza wani guntun igiya da ya zo da shi, yana ƙullawa yana kwancewa. Ni kewata ta gida a hanci take, ƙamshin bandar kifi nake nema ko'ina ban samu ba. Shi tasa a hannu take. Abu ɗaya yake so a duniya: ya koma kan ruwa. Kullum Inna ta kira sai ta tambaya, "An ba ka jirgin?" Shi kuma ya ce, "Ana kan magana."

Abin dariyar, Kawu Issaka gyaran injin jiragen ruwa yake yi a wani ƙaramin kamfani a tsibirin Staten Island. Amma a Yawuri direba ba ya tambayar makanike yadda ake tuƙi, don haka Baba ya ƙi tambayarsa komai. Unguwar Harlem ya ja ni muka tafi. Bayan sallar Juma'a muka gamu da wani mai suna Tanko, mai babbar riga da turare kamar ya faɗa cikin kwalbar.

"Lasisin tuƙin jirgi?" in ji Tanko. "Haba Alaji, ai wannan ƙaramin alhaki ne. Ina da mutum a ciki. Kawo hotonka kawai da ɗan abin mota."

Ɗan abin motar ya cinye duk abin da Baba ya tara daga wankin mota. Bayan mako biyu Tanko ya kawo wani kati mai sheƙi da farar hula mai zanen zinariya a goshi. Baba ya sa hular nan muka hau jirgin ƙasa lamba huɗu. Wani ɗan yaro ya sara masa. Baba ya amsa da kai kamar gwamna. Rabon da in ga haƙoransa a waje tun a gida.

Kawu Issaka yana buɗe ƙofa ya ga hular, sai ya zauna a kan kujera a hankali.

"Malam Garba, wa ya ba ka wannan?"

"Lasisi ya fito," in ji Baba, ya miƙa masa katin.

Kawu ya juya katin gaba da baya. Bai yi dariya ba, har yau ina ganin girmansa saboda haka. Ya ce hular a kantin kayan wasa ake sayar da ita, don bikin da yara ke shigar dodanni, katin kuma kowane mai injin kwafi zai buga shi. Ya sa Anti ta dafa shayi, ya zaunar da Baba, ya ce, "Bari in gaya maka yadda abin yake, ko ba ka tambaye ni ba."

Ya ce a ƙasar nan ba wanda ke riƙe sitiyarin jirgin haya sai ya hau tsani tun daga ƙasa. Ka fara da jan igiya da kankare tsatsa, ana rubuta maka kowace rana da ka yi a kan ruwa. Likita ya duba idonka ya tabbatar kana bambanta jar fitila da koriya. A ɗauki yatsunka, a gwada fitsarinka. Idan ranakun sun taru ka yi jarrabawa, a bar ka ka riƙa tuƙi wani na tsaye a kanka. Kuma kafin a kira ka kyaftin sai ka zama ɗan ƙasa.

"Shekarun da na yi a Kwara fa?"

"Wa ya rubuta su?"

"Duk Yawuri shaida ce."

"Yawuri ba ya zuwa ofis," in ji Kawu. Ya ƙara da cewa manyan jiragen da ke zuwa daga ƙasashen duniya ma, duk girman kyaftin ɗinsu, ba sa shigowa tashar nan da kansu. Sai wani ɗan gari ya bi su da ƙaramin jirgi, ya hau tsanin igiya, ya nuna musu hanya. Irin wannan mutum a jarrabawarsa farar takarda ake ba shi, ya zana hanyar ruwan da ka, kowane dutse da kowace fitila.

Baba ya miƙe zaune. "A ba ni takardar! In zana maka daga kwatar Yawuri har inda kake so, har inda dorina ke kwana."

"Na yarda. Amma wancan ruwanka ne. Wannan na wasu ne."

Baba ya cire hular ya ajiye a kan tebur. Ni na gaje ta, da ita nake wanke-wanke.

Tanko kuwa wayarsa ta mutu mutuwar da ba ta tashi ba.

Bayan wannan ne muka gano jirgin ruwan da ke kai mutane Staten Island kyauta. Da farko Baba ya ƙi yarda, ya ce jirgin da ba a biya dole akwai abin da ke damunsa. Daga baya ya zama kowace Lahadi muna can. Ya tsaya a baya inda iska ke yanka kunne, yana kallon ƙananan jiragen turi suna tura wasu faffaɗan jirage marasa inji, cike da yashi ko mai, yana gyara musu tuƙi da baki. "Sassauta mana! Kai, wannan yaron zai kashe mutane." Wata rana wata tsohuwa ta ga idonsa na ruwa, ta ɗauka jiri ne, ta ciro alewar citta ta danƙa masa ta shafa hannunsa. Ya tambaye ni me ta ce. Wannan karon da gaske gaishe shi take yi.

Abu ɗaya ya riƙa damun sa. Ya ce, "Mamana, garin nan ya juya min kai. Wancan makon na ga ruwan bakin gadar can yana gangarawa hagu, yau kuma dama." Muka yanke hukunci dogayen gine-ginen ne suka ɓatar masa da gabas.

Sai da sanyi ya wuce, aka gama duba ido da ɗaukar yatsu, katin shiga tashar jiragen ruwa na gaskiya ya fito, sannan Kawu ya shawo kan mai kamfaninsu ta gwada Baba rana ɗaya. Rana ɗaya tak, ranar Asabar. Idan ya yi, a ɗauke shi mai jan igiya, ranakunsa su fara shiga lissafi. Idan bai yi ba, tiyo na jiran sa. Mai wankin motar ma ya ce daga wannan, in ya ƙara fashin Asabar kada ya dawo.

Mai kamfanin mace ce, Kyaftin Rosa, gajeriya, farin gashi, murya kamar injin niƙa. Baba ya yi ta leƙen bayanta yana neman mijin. Na ce, "Baba, ita ce." Ya ce, "To, Allah mai iko." Aka sa min rigar da ke hana nutsewa, na zama kamar buhun auduga mai ƙafa.

Da safen nan ruwa ya cika taf, ya kusa taɓa katakon kwatar da ake ɗaure jirage. Kyaftin ta jefa wa Baba wata igiya da ta tsinke ta ce ya haɗa. Kafin in gama fassarawa ya warware bakin biyu ya saƙa su cikin juna, har ba ka gane inda aka haɗa. Ta ja, ta taka da ƙafa ta ja, ta dube shi ta gyaɗa kai. Ta ce za su fita da jirgin turi su kai wani jirgin yashi, ita da yaron aikinta Miguel, wani saurayi mai ɗan kunne da zane a wuya. Baba ya tsaya ya kankare tsatsa a rumfa har su dawo.

Kafin su tafi, Miguel ya ɗaure wani ƙaramin jirgin aiki mai inji a baya a jikin turakun kwatar. Ya bar igiyoyin sake-sake, sun yi ciki kamar igiyar shanya. Suna ɓacewa Baba ya je ya tsaya a kai yana girgiza kai.

"Dubi aikin 'yan zamani. A gida wanda ya ɗaure jirgi haka, ko akuya ba za a ba shi ya ɗaure ba."

"Baba, ba a sa ka ba."

"Rufa masa asiri zan yi. Yaro ne, kada uwar ɗakinsa ta gani."

Ya janyo jirgin nan ya manna shi da kwata, ya ɗaure gaba, ya ɗaure tsakiya, da wani ƙulli na gidansu wanda ya ce daga kakansa ya gada. Ko ragon layya ba a yi wa wannan ɗaurin. Ya tura da ƙafa, jirgi ko motsi. Muka shiga rumfa, yana kankara yana 'yar waƙa, ni ina cin biskit ɗin Kawu.

Mun idar da azahar ke nan muka ji ihun Kawu Issaka, rabi Hausa rabi yaren Asante. Muka fito a guje.

Ruwa ya tafi. Ba duka ba, amma ya sauka ƙasa kusan tsawona, turaku sun fito tsirara, baƙi ƙirin da gansakuka. Jirgin da Baba ya ɗaure yana rataye a jikin kwata kamar wanda aka kama da sata, hanci sama, gindi cikin ruwa, injin ya nutse gaba ɗaya. Akwatin kayan aiki ya riga ya tafi gaida kifaye.

Baba ya dafe kai. "Wa ya buɗe madatsar? Issaka, wa ya buɗe? Ba a sanarwa?"

"Wane madatsa? Teku ne, Malam Garba! Kullum haka yana yi, ya cika ya janye, safe da yamma!"

"Kullum?"

"Kullum na Allah!"

A wajenmu ruwa na sauka, amma sai ya ɗauki watanni yana yi, kowa na gani. Ba wanda ya taɓa gaya wa Baba akwai ruwan da ke fita yawo kafin azahar. Kawu bai faɗa ba don bai taɓa tunanin akwai ɗan ruwan da bai sani ba.

Ana cikin haka jirgin turi ya dawo. Kyaftin Rosa ta diro tana kallon Miguel kamar za ta cinye shi ɗanye, sai idonta ya sauka kan ƙullin. Ta tsuguna ta duba. Duk New York mutum ɗaya ne ke irin wannan ƙulli. Miguel ya gwada kwancewa, Kawu ya gwada, nauyin jirgin ya mai da shi dutse. Baba ya miƙa hannu aka ba shi wuƙa. Ya yanke igiyarsa da kansa, jirgin ya faɗa ruwa tim, ya watsa mana ruwan gishiri har baki.

Kyaftin ta yi magana gajeriya. Wannan karon na gane duka, na kuma so a ce ban gane ba.

"Me ta ce, Mamana?"

"Ta ce mu tafi gida."

Ya cire safar hannun da aka ba shi ya ninke ya ajiye. Muka fita ƙofa. Amma maimakon ya nufi tashar bas, sai ya zagaya bayan shingen waya inda wasu duwatsu suka gangara cikin ruwa, ya zauna.

"Ba inda za ni sai na ga ya dawo da idona."

Ya sami wani kara ya kafa a bakin ruwan. Muka zauna. Yunwa ta ci ni har na fara yi wa tsuntsayen teku kallon kaji. Na ce masa idan na mutu a nan ya gaya wa Inna biskit ne abincina na ƙarshe. Bai yi dariya ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Babana ya ce min, duk ruwan da ka gani, ka san inda ya dosa kafin ka sa ƙafa. Na zo garin mutane ina gyara musu tuƙi daga bayan jirgin kyauta. Me zan ce wa uwarki?"

Na matsa kusa da shi, muka zuba wa karan ido.

Wajen la'asar ruwa ya taɓa gindin karan. Baba ya matsa gaba. Ruwan ya haura, ya haura, a hankali kamar mai jin kunya, ya ci rabin karan. Wata leda da ɗazu ta wuce mu ta yi hagu, sai ga ta ta dawo ta yi dama. Baba ya nuna ta da yatsa, bakinsa a buɗe.

"Ashe ba kaina ne ya juya ba! Mamana, kogin ne ke komawa baya! Allahu Akbar!" Ya kama dariya har da tari, yana share ido da hannun riga.

Rana ta yi ja, ruwa ya shanye karan, sai muka ji ƙarar sarƙa. Kyaftin Rosa ce ke rufe ƙofa. Ta hango mu, ta tsaya jim, ta tako.

"Me kuke yi a nan har yanzu?"

Baba ya miƙe ya kama hannuna. "Ki faɗa mata daidai yadda na faɗa. Kada ki sa gishiri, kada ki sa yaji."

Wallahi na riga na shirya cewa shi ne sarkin jiragen Afirka baki ɗaya. Na haɗiye.

Ya ce, "Ruwan da na sani hanya ɗaya yake bi. Wannan ban san shi ba. Wanda bai san ruwa ba bai kamata a ba shi jirgi ba, ko ɗana ne ba zan ba shi ba. Ba jirgi nake roƙo ba. Ta ba ni yaron nan mai ɗan kunne ya koya min."

Na faɗa mata, tsurarsa. Ta daɗe tana kallon inda ruwan ya kai. Ta ce in gaya masa gaskiya: a shekarunsa, kafin ya zama ɗan ƙasa, ranaku su taru, ya ci jarrabawa da Turanci, mai yiwuwa gemunsa ya yi fari bai riƙe sitiyari ba. Mai yiwuwa ma ba zai taɓa riƙewa ba. Wannan ma na faɗa masa ba ragi.

"A kan ruwa zan tsufa?" in ji Baba.

"A kan ruwa."

"To ya isa."

Ta ce injin da ya nutsar sai an warware shi ƙusa-ƙusa an wanke gishirin, kuma wanda ya nutsar shi zai wanke. Gobe da safe. Kuma kada ya kuskura ya taɓa igiya sai Miguel na tsaye.

Washegari na bi shi, don a ce ana buƙatar tafinta, alhali so nake in ga ƙarshen wasan. Baba ya gaida Miguel da hannu biyu har da ɗan rusunawa, ya ce masa Malam. Miguel ya tambaye ni ma'anarsa, na gaya masa, kunnensa mai ɗan kunnen ya yi ja. Bayan sun gama da injin ya kai Baba bakin kwata, ya ba shi igiyar wani jirgi, ya nuna masa iya sakin da zai bari. Baba ya saki kaɗan. Miguel ya ce ƙara. Ya ƙara, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori. Ƙara. Igiya ta yi ciki, jirgi ya ja baya yana lilo yadda ya ga dama.

Baba ya yi taku biyu ya waiga. Ya ƙara ɗaya ya waiga, kamar wanda ya bar jariri a tsakiyar kasuwa. Hannunsa ya fara komawa da kansa.

Miguel ya dafa kafaɗunsa biyu ya juya shi, ya tura shi gaba zuwa inda jirgin turi ke jira, injinsa na ruri. Baba ya tafi yana gunaguni, ya sa ƙafa ya hau.

Daga can sama ya ƙwala min kira, "Mamana! Ki sa min ido a kan jirgin nan!"

"Baba, in ja igiyar?"

"Kada ki taɓa!"